Abin da Ke Hancin Rahamatu

A daminar 1956 Tasalla tana da kaji goma sha ɗaya a bayan ɗakinta, da wani zakara mafaɗaci wanda ko tunkiya ba ya bari ta matso kusa da akurki. Mijinta Siddiƙu manomi ne, gonarsa tana kan hanyar Masama. Suna zaune a Gwandu tare da mahaifiyarsa, tsohuwa Hajjo, da 'yarsu Rahamatu mai shekara biyar. Yara biyu da Tasalla ta haifa kafin Rahamatu duk sun koma tun ba a yaye su ba, saboda haka ko tari yarinyar ta yi sai gidan ya ɗauka.

Bayan kiwon kaji, Tasalla tana saƙa. Ta koya ne a ajin mata da Hadijatu matar hedimasta ta buɗe a gidanta, kuma cikin wata huɗu ta fi mai koyarwar iya juya tsinke. Hular jarirai, safa, 'yar rigar sanyi, duk tana yi. Ranar da Hadijatu ta ji ƙanwarta ta kusa haihuwa, sai ta aiko wa Tasalla da jan ulu dunƙule uku da aka sayo daga kanti a Sakkwato, ta ce a yi wa jaririn riga da hula kafin suna. Tasalla ba ta taɓa riƙe ulu mai laushi irin wannan ba. Kafin ta taɓa shi sai ta wanke hannu.

Wata ranar Talata da hantsi ta ajiye saƙar a cikin kwando ta fita shanya gero. Da ta dawo sai ta tarar da kwandon a kife, tsinke ɗaya a ƙasa, gaban rigar da ta yi kwana tara tana yi ya warware har kusan rabi. An tsinke zaren daga tsakiya, bakinsa duk ya tsefe. Rahamatu tana tsaye a bakin ƙofa, rungume da 'yar sagarar durgu da kakarta ta ba ta.

“Wa ya shiga ɗakin ga?” in ji Tasalla.

“Kaji ne, Inna.”

“Kaji? Buɗe hannunki.”

Yarinyar ta saki kazar ta buɗe hannu. Babu komai. Tasalla ta kakkaɓe mata zane, ta sa ta buɗe baki, ta laluba gashinta. Babu komai. A kan tabarma kuwa ga kashin kaza ɗanye.

“To wallahi,” in ji Tasalla, ta ɗauki almakashi tana nuna tsakar gida da shi, “kowane ne ya yi mani wanga aiki, mutum ko kaza, in na kama shi sai na datse mai yatsu da wannan. Kayan mutane! Amana!”

Ta yi ta faɗa har azahar. Daga baya ta haƙura, ta ƙulla zaren, ta sake gaban rigar, aka kai wa Hadijatu kwana biyu kafin suna. Maganar ta wuce.

Kwana uku bayan wannan Rahamatu ta fara atishawa. Aka ce murar damina ce. Hajjo ta dafa mata citta da kanumfari, ta ɗiga mata man shanu a hanci. Sati ya zagayo, majinar ta yi kauri, ta koma ruwan ɗorawa, daga nan ta fara fita da jini-jini. Sai kuma warin ya zo.

Tasalla ce ta fara jin sa, wata safiya tana wanke mata fuska. Ta ɗauka ɓera ne ya mutu a rufin ɗaki. Ta fitar da kaya waje, ta share ko'ina, ta duba bayan tukwane. Da ta dawo ta sunkuya za ta ɗaura wa yarinyar zane, warin ya buge ta a fuska, har ta ja da baya ba ta sani ba. Daga hancin 'yarta yake fitowa. Wari ne irin na naman da ya kwana uku a rana.

“Gwaggo!” ta kira surukarta. “Gwaggo, zo ki ji.”

Hajjo ta zo ta sunkuya, ta miƙe da sauri tana salati. “Wannan ba mura ba ce,” in ji ta. “Shekarata saba'in ban taɓa jin mai rai da wanga wari ba.”

Daga ranar gidan bai sake zama daidai ba. Zazzaɓi ya riƙa zuwa da yamma yana tafiya da safe. Rahamatu ta daina cin tuwo, sai kunu cokali biyu ko uku. Da baki take numfashi, leɓenta duk ya tsage. Ƙasan idonta na dama ya kumbura. Yaran maƙwabta da suke shigowa wasan 'yar tsana suka ɗauke ƙafa, wata uwa ma ta ja 'yarta daga zaure tana toshe hanci da mayafi, Tasalla tana gani. Yarinyar da a da ba ta rufe baki sai ta koma shiru. In an tambaye ta ina ke ciwo, sai ta dubi uwarta, ta sunkuyar da kai.

Siddiƙu ya sayo ƙwayoyi wurin mai magani a kasuwa, ba su yi komai ba. Hajjo ta turara ta da hayaƙin saiwoyi har ta shaƙe. Aka karɓo rubutu, malamin ya ce a yi sadaka da farar kaza, aka kama fara aka bayar. Bayan kwana biyar ya ce a ƙara da baƙa. Wata tsohuwa ta ce romon kaza ne kaɗai zai riƙe mata ƙarfi, aka yanka ɗaya, aka sake yanka wata, yarinyar ba ta sha ko rabin ludayi ba. Wanzami ya zo ya ce mugun jini ne ya taru mata a ka, ya yi mata tsaga uku-uku a gefen ido, Siddiƙu ya riƙe ta tana ihu, aka sallame shi da kaji biyu. Haka akurkin ya yi ta raguwa. Zakaran ma ya tafi ranar da aka tara almajiran malam manya suka yi sauka.

Cikin sati na bakwai sauran kaza ɗaya tak, 'yar durgun Rahamatu. Malam ya aiko cewa wannan karon sadakar ta zama daga abin da yarinyar ta mallaka da kanta.

Siddiƙu ya shigo da wuƙa da safe ya kama kazar a gindin rumbu. Rahamatu tana kwance a tabarma, kwana huɗu ba ta tashi da kanta ba. Jin kukan kazar sai ta miƙe zumbur ta fito da gudu, ta ƙanƙame ƙafar ubanta.

“Baba, ba ita ba ce! Ba ta yi komai ba! Baba, ba ita ba ce!”

“Don ki samu lafiya ne, ɗiyata. In kin warke zan sayo maki biyu.”

Ta yi ta kururuwa har jini ya ɓalle mata daga hanci, ya sauko kan ƙirjinta. Tasalla ta ɗauke ta ta shige ɗaki. Duk suka ɗauka zafin ciwo ne da son kazar. Babu wanda ya tsaya ya tambaye ta abin da take nufi. Aka yanka, aka kai.

Washegari da la'asar Tasalla ta shiga ɗakin Hajjo neman kanwa. Ta ɗaga faifan da ke kan wata ƙwarya, sai ta ga farin ƙyalle sabo, a ninke, bai fi kamu huɗu ba. Ta tsaya tana kallonsa. Ta san wannan tsayin. Sau biyu ta ga an auna irinsa a gidan nan.

Hajjo ta shigo ta same ta a haka.

“Gwaggo, wannan na mi ne?”

Tsohuwar ta karɓi faifan. Ta mayar da shi kan ƙwaryar.

“Na ce na mi ne?”

“Tasalla, ki yi haƙuri. Ba fata nake ba. Amma kin ji warin. Ban so ranar ta zo a shiga yawon nema.”

Tasalla ta fita ba kanwar. Ta wuce zaure inda mijinta yake gyaran ƙotar fartanya, ta durƙusa, abin da ba ta saba yi a zaure ba.

“Malam, gobe zan kai ta Kalgo wurin Yaya Abdulgani. In za ka zo mu tafi. In ba za ka zo ba ka ba ni izini.”

“Abdulgani likita ne? Manomin shinkafa ne fa.”

“Ya ga ciwo iri-iri a yaƙi. Ko bai iya ba, gara ta cika a hannuna ina nema da in zauna ina kallon ƙwaryar can.”

Siddiƙu bai san zancen ƙwarya ba. Da ta gaya masa sai ya ajiye fartanyar. Gero ya isa yanka, tsuntsaye sun fara sauka, ba ya iya barin gona. Ya ce zai raka su hanyar mota.

Da asuba ya ɗora su kan jaki suka bi ta Kambaza. Suka jira har rana ta take kafin wata babbar mota mai ɗauke da buhunan albasa ta tsaya. A bayan motar mutane suka riƙa matsawa suna ba su wuri fiye da yadda suke bukata. Wata mata ta leƙa fuskar yarinyar da ke goye, ta ce, “Allah ya ba ki haƙuri, baiwar Allah,” da irin muryar da ake yin ta'aziyya. Tasalla ta juya mata baya.

Sun isa Kalgo rana ta karkata. Abdulgani yayan Tasalla ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi soja, an kai shi yaƙin ƙasar Bama, can ya yi shekara uku yana wanke raunuka da ɗaure su a asibitin soja. Da ya dawo ya kama noman fadama, ba ya son zancen yaƙi. Suka same shi ya dawo daga gona, taɓo har gwiwa. Ko gaisuwa ba su gama ba ya ɗaga kai yana shaƙar iska.

“Sauke ta in gani.”

Ta sauke ta. Ya tsuguna ya dubi tsagar da ke gefen idonta, ya girgiza kai.

“Tun yaushe?”

“Wata biyu saura kaɗan.”

“Duka hancin biyu ke zuba, ko ɗaya?”

Tasalla ta yi tunani. Babu wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar. “Na dama,” in ji ta. “Kullum na dama.”

“Na hagu bai taɓa ba?”

“Bai taɓa ba.”

“Hauwa'u,” ya kira matarsa, “kawo mani madubinki, ki ɗora ruwa a wuta.”

Ya wanke hannu da sabulu har sau biyu. Ya zaunar da yarinyar a cinyar uwarta a tsakar gida, ya ɗaga mata haɓa, ya karkata madubin har hasken rana ya shiga hancin. Ya goge, ya duba, ya sake gogewa, ya sake dubawa. Rahamatu ta fara mutsu-mutsu tana ƙoƙarin rufe fuska da hannu.

“Akwai abu a ciki,” in ji shi.

“Ƙari ne? Tsutsa ce?”

“Ban sani ba tukuna. Baƙi ne, can sama. Ina son abu siriri mai ɗan lanƙwasa a baki.”

Hauwa'u ta kawo tsinken kitso, ya ce ya yi kaifi. Ta kawo waya, ya ce ta yi tsatsa. Sai Tasalla ta kai hannu kanta. Kwarashinta na saƙa yana soke a cikin kitsonta ƙarƙashin kallabi, inda ta saba soke shi, ta ma manta da shi tun kwanaki. Abdulgani ya juya shi a hannu, ya shafa ɗan ƙugiyar bakinsa da yatsa, ya jefa shi cikin tafasasshen ruwa.

Suka naɗe yarinyar da zane tun daga kafaɗa har ƙafa. Hauwa'u ta danne ƙafafun, Tasalla ta riƙe kan a ƙirjinta. Abdulgani ya yi bisimilla ya zura kwarashin a hankali. Karo na farko ya fito da ruɓaɓɓen jini kawai. Karo na biyu ma haka. Rahamatu tana ihu har muryarta ta dushe. A karo na uku ya tsaya, ya ɗan murɗa, ya ja.

Wani baƙin abu ya leƙo. Ya kama shi da yatsu biyu ya ci gaba da ja, abin ya yi ta fitowa, siriri, yana warwarewa, bai ƙare ba. Hauwa'u ta saki ƙafafun ta yi baya tana cewa, “Innalillahi! Maciji ne? Malam, mi ne wannan?” Sai ga wani dunƙule kamar ƙwallon dabino ya faɗo, mugunya da jini suka biyo shi. Warin ya cika gidan, har wata maƙwabciya ta leƙo ta kan danga.

Rahamatu ta ja numfashi ta hanci, mai ƙara, irin wanda ba ta ja ba tun farkon damina.

Abdulgani ya jefa abin a tasa, ya zuba ruwan ɗumi, ya cuɗa da tsinke. Ya zubar ya sake zubawa. A wanki na uku baƙin ya fara saki. Ya ɗaga shi sama. Zare ne, ya fi kamu ɗaya tsawo, kuma ta tsakiya, inda ruɓar ba ta ci ba, ja ne wur.

“Wannan ai ulu ne,” in ji Hauwa'u.

Tasalla ta miƙa hannu ta karɓa. Ta murza shi tsakanin yatsunta. Ta zame ta zauna a ƙasa daɓas, yarinyar a jikinta. Kaji goma sha ɗaya, da zakara, da tsaga shida a fuskar 'yarta, da farin ƙyallen da ke cikin ƙwarya, duk suka zo mata a lokaci ɗaya.

Abdulgani ya toshe hancin da auduga, ya kwance zanen, ya ba yarinyar ruwa. Sai da ta daina shessheƙa ya tambaye ta a hankali.

“Uwata, wa ya sa maki wannan?”

Ta dubi Tasalla.

“Kada ki dube ta, ni za ki duba. Babu mai taɓa ki a gidan ga.”

“Ni ce, Kawu.”

“Don mi?”

“Na so in ɗaura wa kazata a ƙafa, ta yi kyau. Na ja, sai duk ya warware. Sai na ji Inna tana zuwa, na dunƙule na tura. Na ce in ta fita zan ciro. Sai ya ƙi fitowa, ina sa yatsa yana shigewa.”

“To da ya fara ciwo, mi ya hana ki faɗi?”

Yarinyar ta ɓoye hannayenta biyu a hammata. “Inna ta ce za ta datse yatsu da almakashi.”

Hauwa'u ta rufe baki da hannu. Tasalla ta ce, “Ni?” Sai ta tuna. Ita ta manta maganar tun kafin la'asar ɗin ranar. Ta kama hannayen yarinyar ta fiddo su, tana kallon 'yan yatsun da suka rame har ƙasusuwa sun fito.

“Rahamatu, duk kwanakin nan kin sani? Ana turara ki, ana tsaga ki, kin sani?”

Ta gyaɗa kai.

“Kika yi shiru saboda ni?”

Ta sake gyaɗa kai. Sannan ta ce, “Na gaya wa Baba ba kazar ba ce. Bai ji ba.”

A nan Tasalla ta fashe da kuka, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da ta ga ƙyallen. Abdulgani ya bar ta ta yi. Da ta lafa ya ce, “Kukan ya isa. Kowace uwa tana faɗin irin wannan, ni ma na sha ji daga bakin tamu. Gobe da safe mu kai ta asibitin Birni a yi mata allura, cikin ya yi rauni. Hauwa'u, akwai sauran fura?”

Rahamatu ta sha fura rabin ƙoƙo a zaune, ta ce a ƙara.

Kwana shida suka yi a Kalgo. Aka yi allurar, zazzaɓin ya sauka a rana ta biyu, warin ya ɗauke a ta huɗu. Da za su tafi Hauwa'u ta ɗaure masu kaza mai kwanci a kwando da ƙwai takwas, Abdulgani kuma ya sa zaren a cikin gwangwanin madara ya ce a kai wa Siddiƙu, don in da baki aka gaya masa ba zai yarda ba.

Siddiƙu yana sussuka a ƙofar gida sa'ad da ya hango su, yarinyar tana tafiya da ƙafarta. Ya saki sandar. Da aka buɗe masa gwangwanin ya daɗe yana kallo, ya dubi fuskar 'yarsa inda tsagar ta fara bushewa, ya ce, “Ni na riƙe ta aka yi mata wannan.” Ya juya ya zagaya bayan danga. Hajjo kuwa sai juya zaren take yi tana cewa, “Zare? Zare kawai?” kamar tana jiran wani ya ce mata a'a.

Kafin magariba labari ya gama unguwa. Mata suka yi ta shigowa ganin gwangwanin, har da Hadijatu, wadda ta ce da ta san haka ne da ta bar jaririn ya yi suna ba riga. Kowace ta koma gida ta kama 'ya'yanta ta fitar da su haske tana leƙa hanci da kunne. A gidan Umaru mai gyaran keke aka sami ƙwayar wake a kunnen wani yaro ɗan shekara huɗu, har ta fara kumbura. Uwarsa Binta ta shigo da gudu ba ko mayafi.

“Tasalla, don Allah zo da kwarashinki!”

Tasalla tana zaune tana ba Rahamatu tuwo a baki. Ta ce, “Ni ba zan taɓa kunnen ɗan kowa ba. Ki kai shi wurin masu aikin asibiti, gobe da sassafe. Kuma Binta, kada ki daka mai tsawa. Ki zaunar da shi ki tambaye shi ko akwai wani a ɗayan.”

Binta ta koma ta tambaya. Akwai.